Gida Ba a Shiga, Hoto Kuwa Yana Fita

Wadda ke tsakar wanke-wanke ta ɗan jawo rediyon kusa, wadda ke goyo ta gyara majanyi, domin maganar yau a kan wanda ke bayan naki take.

Zancen hotunan yaranmu ne, waɗanda muke ɗorawa a waya.

Akwai gidajen da har yau in kin zo ƙofa za ki ga an rubuta "Ba a shiga" da gawayi ko da fenti. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Ko ƙanin maigida sai ya yi sallama, an ɗauki mayafi, sannan a ce ya shigo. Da yawanku a irin wannan gida kuke zaune, kuma kuna alfahari da shi. To amma ki duba wayar da ke gefen matashinki. Jiya da daddare mutum nawa suka ga tsakar ɗakinki, da gadonki, da 'yarki ta fito wanka ana shafa mata mai? Ba wanda ya yi sallama a cikinsu. Wasu ma ko sunansu ba ki sani ba.

Ban ce ɗaukar hoton yaro laifi ne ba, hukuncin hoto kuma na malamai ne, ba nawa ba. Uwa ce kaɗai ta san daɗin da take ji ran da ɗanta ya fara tatata, ko ran da 'yarta ta sha kitso da lalle ta sa kayan sallah. Ga shi kuma an rarrabu, kaka tana Gumel, jika yana Legas, yaya tana aure a Maraɗi, hoton nan shi ke riƙe zumunci. Abin da nake so mu fahimta yau shi ne inda hoton ke zuwa bayan ya bar hannunmu.

Manya daga cikinku za su tuna yadda abin yake a da. Sai ranar suna ko sallah ake kiran mai hoto, ko a tura yara shagonsa. A jira kwana biyu ko uku a wanko, a kawo, a sa a albam, a jefa albam ɗin cikin akwati ko saman kwaba. Baƙuwa in ta zo a ɗauko mata ta kalla, in ta gama a mayar. In ta roƙi guda ɗaya aka ba ta, kin san wadda kika ba, in kin ga dama ki aika a karɓo. Wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya a shekarar 2001, tun tana ta kira kawai har ta zo da kyamara. Facebook ya fito a 2004, WhatsApp a 2009, shi kuma sitatus ɗin nan da muke ɗora hoto ya kwana ya wuni, a 2017 aka kawo shi. Ke nan duk abin bai daɗe ba. Iyayenmu sun koya mana yadda ake wankan jego da yadda ake yaye, amma wannan ba su gada ba balle su koya mana.

Bambancin hoton takarda da na waya guda ɗaya ne, kuma duk sauran maganar a kansa ta tsaya. Hoton takarda in kin bayar ya bar hannunki, in kin karɓo ya dawo. Na waya haihuwa yake yi. In kin tura wa mutum ɗaya ya zama biyu, naki yana nan, nata yana can. In kin jefa shi a guruf ɗin dangi mai mutum ɗari biyu, to kusan wayoyi ɗari biyu ne za su sauke shi, domin yawancin wayoyi an saita su ne su riƙa ajiye duk hoton da ya shigo ba tare da an tambayi mai wayar ba. Guruf ɗaya na WhatsApp yana iya ɗaukar mutum har 1024. Ki goge naki, na sauran yana nan. Ko wannan gogewar da ake cewa ta kowa da kowa, tana aiki ne cikin kimanin kwana biyu da turawa, kuma ba ta bin wanda aka riga aka tura gaba ko aka kwafe.

Wata za ta ce ai an ce saƙon WhatsApp a kulle yake, ko kamfanin ba ya gani. Haka ne, tun 2016 suka sa wannan kulle. Sai dai kullen na hanya ne. Kamar ki zuba tuwo a kwano ki rufe ki ɗaure da ɗankwali ki ba yaro ya kai maƙwabta. Ba wanda zai buɗe a hanya. Amma in ya isa, wanda za a ba ya ci ba ke ce za ki zaɓa ba.

Wata kuma ta ce ni sitatus kawai nake sawa, awa 24 ya ɓace. A wayarki ya ɓace. Wanda ya danna ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, abin nan da yara ke ce wa sikirinshot, nasa bai ɓace ba, kuma WhatsApp ba zai gaya miki ya ɗauka ba. Akwai ma manhajojin da aikinsu ke nan, sauke sitatus ɗin mutane.

To su waye ma ke kallon sitatus ɗin? Duk wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki. A nan nake so 'yan uwana masu sana'a a cikin gida su saurara da kyau, masu atamfa da leshi, masu turaren wuta da humra, masu cincin da dubulan, masu kayan yara. Waya ta yi mana rana, ba ƙarya. Mace tana ɗakinta tana ciniki har da mutanen Abuja. Amma don a ga kayanki dole ki ajiye lambar duk wanda ya taɓa tambayar kuɗin gyale. Ga mai adaidaita sahun da ke kai miki saƙo, ga yaron shagon da kike sara a wurinsa, ga direban tasha, ga mai gyaran famfo. Duk suna cikin wayar. Kin ɗora atamfa sun gani, kin ɗora 'yarki su ma sun gani, domin waya ba ta san wannan na kasuwa ne wancan na dangi ba. Har ma wasunmu 'ya'yansu mata suke sa wa kayan sayarwa su yi musu talla, yarinya 'yar shekara tara ko goma sha biyu ta sha kwalliya tana juyawa, a sa waƙa, a ɗora. Kayan kike tallatawa, amma ba kowa ne kayan yake kallo ba.

Kuma lambar da kika ajiye da sunan ƙawarki, ba lallai ita ke riƙe da wayar ba. Mijinta yana ɗauka, ƙaninta yana ara, ɗanta saurayi yana kallon ƙwallo a ciki. Wayar tana zuwa wurin mai caji, tana kwana wurin mai gyara, tana zuwa wurin masu tura fina-finai. Ana sace ta a gidan biki. Ana sayar da ita ba a goge komai ba. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba ma kamfani yakan sake sayar wa wani, ke kuwa har yanzu sunan Anti ne a kai, ga hoton ɗanki a fuskar WhatsApp ɗinki yana gani.

Yanzu mu zo ga abin da hoto ke faɗa wanda ke ba ki yi niyyar faɗa ba. Ɗauki hoton ranar komawa makaranta, wanda kusan kowace uwa ke sawa. Yaro yana tsaye a ƙofar gida cikin yunifom. A ƙirjinsa ga bajon makaranta da sunanta. A bayansa ga launin get, wani lokaci har da lambar gida, ga motar babansa da lambarta. A ƙasa kin rubuta cikakken sunansa, da sunan da ake kiransa a gida, da ajin da ya shiga. Lokacin da kika ɗora ya nuna ƙarfe nawa yake fita. Da la'asar kin sake ɗora shi da allo da hula zai tafi Islamiyya. Ranar Juma'a kin ɗora shi gidan kaka. Hoto ɗaya ba komai ba ne, amma mai haƙurin bibiyar sitatus ɗinki wata guda ya san inda yaron yake a kowane lokaci, ya san sunan mamansa da na gwaggonsa, ya san alewar da yake so. In ya tare shi ya kira shi da sunan gida ya ce Umma ce ta aiko ni, wane yaro ne ɗan shekara shida zai yi gardama?

Ba ina cewa duk yaron da aka sace ta hoto aka gano shi ba. Mutanen Kano ba za su manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar ba, Allah ya jiƙanta, wadda aka ɗauke a watan Disamba na 2021 tana dawowa daga Islamiyya. Da asiri ya tonu, mai makarantar bokon da take zuwa ne, kuma a watan Yuli na 2022 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Wannan ba hoto ne ya jawo ba. Na kawo shi ne don masu cewa ai ni waɗanda na sani kawai ke gani. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya san ki shi ya san kin sayi fili, ya ga maigida ya canza mota, ya ga kek ɗin bazday mai hawa uku da rumfar balan-balan, ya yi lissafin abin da za ku iya biya.

Akwai kuma wani abu a cikin hoton da ido ba ya gani. Waya mai kyamara, in an bar mata alamar wuri a kunne, tana rubuta ainihin inda aka ɗauki hoton a cikinsa, har a iya nemo gidan a taswira. WhatsApp da Facebook suna cire wannan bayani idan kin tura hoton yadda aka saba. Amma in kin tura shi a matsayin fayil, kamar yadda 'yan mata ke yi don kada hoton ya dushe, to da bayaninsa yake tafiya. A TikTok da Instagram kuwa mu da kanmu muke rubuta unguwa a ƙasan hoton.

Abu na gaba yana da nauyi a baki, amma mu mata ne, kuma rufe shi ba zai amfane mu ba. In akwai yara kusa da rediyon a ɗan aike su. Akwai mutane a duniyar nan, har da ƙasarmu, waɗanda sha'awarsu a kan ƙananan yara take. Hoton da ke kike gani na wasa, yaro tsirara a baho, yarinya da ɗan kamfai tana wasan ruwan sama, jariri ana canza masa nafkin, hoton kaciya, su tara su suke yi, suna musaya a tsakaninsu. A da sai sun sami irin wannan hoton. Yanzu ko shi ba sa buƙata, fuska kawai ta ishe su. Fasahar nan ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ake ce wa AI, tana iya ɗaukar hoton yarinya cikin suturarta ta fito da wani hoton na tsiraici mai fuskarta, wanda in ba a faɗa miki ba sai ki rantse na gaske ne.

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A watan Satumba na 2023, a wani gari da ake kira Almendralejo a ƙasar Sifaniya, 'yan mata fiye da 20, masu shekara 11 zuwa 17, suka wayi gari ana yawo da hotunansu na tsiraici a wayoyin 'yan makaranta, alhali ko sau ɗaya ba su taɓa ɗaukar irin wannan hoto ba. Hotunansu na yau da kullum aka kwaso daga shafukansu aka juya. Waɗanda suka yi kuwa ba wasu ƙwararru ba ne, samari ne sa'o'insu, kuma a 2024 kotu ta sami 15 daga cikinsu da laifi. Iyaye mata ne suka haɗa kai suka tayar da maganar har ta kai ga hukuma. Ki ɗauko wannan ki ajiye a unguwarku, inda jita-jita kaɗai ta isa a fasa aure an riga an kawo lefe. Wa zai tsaya ya saurari bayanin cewa na'ura ce ta haɗa?

Ita kanta na'urar da hotunan mutane ake koya mata aiki. A 2024 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta leƙa wani ɗan yanki ƙanƙani na wani rumbun hotuna mai suna LAION-5B, wanda ke da hotuna fiye da biliyan biyar da aka kwaso daga intanet don horar da irin waɗannan na'urori. A ɗan abin da suka duba sun tarar da hotuna 170 na yaran ƙasar Barazil, daga baya kuma 190 na yaran Ostareliya. Akwai na haihuwa, akwai na bazday, akwai na makaranta, wasu har da sunan yaron da garinsu. Da yawa iyaye ne suka ɗora shekaru da suka wuce, a shafukan da ba kowa ke leƙawa ba, ba wanda ya nemi izininsu. Wannan ya fi shafar abin da aka ɗora a fili, irin na Facebook da Instagram da TikTok da YouTube, amma kin san hoton guruf ba ya daɗewa wani ya mayar da shi fili.

Sai 'yan damfara. Kowaccenmu ta taɓa ganin saƙon nan mai hoton yaro kwance a gadon asibiti da robar ƙarin ruwa, ana neman taimakon kuɗin aiki, ga lambar akawun a ƙasa. Wasu gaskiya ne, Allah ya ba su lafiya. Wasu kuwa hoton ɗan wata ne da ta ɗora tana neman addu'a, yaron ya warke tuni yana aji uku, ko ma ya rasu, ana can ana cin kuɗi da shi. Haka masu ƙwace WhatsApp. Za a kira ki a ce daga guruf ɗin Islamiyya ne ko na tallafi, an turo miki lamba shida ki karanto. Kina karantawa sun shige. Sai su bi 'yan uwanki ɗaya bayan ɗaya da sunanki, su ce yaro ba lafiya a turo dubu ashirin, ga kuma hotonsa da suka samo a guruf. Wannan lamba shida ko maigida ne ya kira da baƙuwar murya kada ki bayar. Kuma don Allah a daina ɗaukar hoton takardar haihuwa, da katin asibiti, da fasfo, da takardar NIN, da sakamakon jarrabawa ana ɗorawa. Cikakken suna, ranar haihuwa, sunan mahaifiya, su ne fa abubuwan da banki ke tambaya don ya tabbatar mutum shi ne. Yaron zai girma ya buɗe akawun, bayanan kuwa ba sa canzawa.

Akwai wata cutar da ba ɓarawo a cikinta, mu ne da kanmu. Bidiyon yaro yana birgima don an hana shi alewa. Bidiyon yarinya tana kuka ana tsefe mata kai. Wanda ya yi fitsarin kwance an nuno katifa. Wanda ya kasa karanta Fatiha ana dariya a bayan kyamara. Mai in'ina an sa shi ya maimaita. A da ma ana tsokanar mai fitsarin kwance, yara su bi shi da waƙa, amma kafin magariba an watse, shekara biyu an manta. Wannan kuwa ba ya tsufa. Yarinyar da kika sa ta yi rawa tana shekara huɗu kowa ya ce kai wannan da wayo take, ita ce za ta shiga sakandare 'yan ajinsu su tono, ita ce za a zo neman aurenta dangin miji su shiga bincike. Ba ta ce a ɗauka ba, ba ta ce a ɗora ba. Ni a ganina in yaro ya kai shekara shida ko bakwai, ya kamata a tambaye shi, in ya ce ba ya so a bari. Wasu za su ce yaushe aka fara neman izinin yaro a ƙasar Hausa. To ai mu ne muke koya masa kunya, muke ce masa rufe jikinka, kada ka yi wanka a tsakar gida gaban baƙi. In ya ji kunyar kuma muka take ta don mutane su yi dariya, me muka koya masa?

Abin mamaki, al'adarmu ta riga ta san wannan. Kakanninmu ciki ma ɓoye shi suke yi har sai zane ya kasa. Ɗan fari ko sunansa uwa ba ta faɗa. Jariri ba a yawo da shi kafin suna, in baƙuwa ta yaba ƙibarsa ba ta ce tubarkalla ba sai a ɓata rai. A Islamiyya an karantar da mu batun kambun baka da addu'o'in tsari, an kuma ba mu labarin yadda Annabi Yakubu, alaihis salam, ya hana ɗansa Yusuf gaya wa 'yan uwansa mafarkinsa. Yau kuwa tun hoton sikanin ake ɗorawa, jariri ko cibiya ba a yanke ba ya zaga dangi da waɗanda ba dangi ba. A cikin masu kallon nan akwai wadda ta shekara goma tana neman haihuwa, akwai wadda ta binne nata watan jiya. Ko ba don kambun baka ba, akwai tausayi.

Hukumomi ma sun fara farga. A Faransa an yi doka a watan Fabrairu na 2024 wadda ta ɗora wa uwa da uba tare nauyin kare hoton ɗansu, har alƙali yana iya hana ɗayansu ɗorawa in ɗayan bai yarda ba. A nan gida, dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ce kafin kamfani ko hukuma su yi amfani da bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mai riƙo. Ke nan makarantar da ke ɗora hotunan ɗalibai a Facebook don talla, kina da bakin cewa a cire naki, ki sa maigida ya gaya wa shugaban makarantar, ko ki faɗa a taron iyaye. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta haramta haɗawa, ko ajiyewa, ko yaɗa hotunan batsa na yara, da ɗauri mai tsawo.

To me za ki yi da wayarki yau ɗin nan? In karatun boko bai yi nisa ba, ki kira 'yarki ko ƙanwarki ku zauna tare, minti goma ya isa. A WhatsApp ki danna ɗigo ukun nan na sama, ki shiga saiti, ki nemi sashen sirri mai alamar kwaɗo. A wurin sitatus zaɓi uku ne. Na farko duk waɗanda ke wayarki, na biyu duka ban da waɗanda kika ware, na uku waɗanda kika zaɓa kaɗai. In hoton yara ne, na ukun za ki ɗauka, ki tsinci mutanen da kin san in ɗanki ya yi zazzaɓi za su zo dubiya. A nan dai za ki rufe hoton fuskar WhatsApp ɗin daga baƙi, ko da yake ni na fi son a cire yaro daga nan gaba ɗaya, a sa fure ko kayan sana'a. Sannan ki shiga sashen akawun mai alamar makulli ki sa kulle na biyu, lambar sirri guda shida da ke kaɗai kika sani. Mai sana'a in da hali ta raba layi, na kasuwa daban na dangi daban, kayan yara kuma a rataye su a hanga ko a sa wa mutum-mutumi. In kaka za ki tura wa, tura mata ita kaɗai, ba guruf ba. Akwai ma wata 'yar alama mai lamba 1 a cikin da'ira, in kin danna ta kafin turawa, sau ɗaya za a buɗe hoton ya rufe, kuma ba ya yarda a yi masa sikirinshot, sai dai mai naci ya ɗauka da wata wayar. In za a kai waya gyara a cire mimori, a sa mata kulle, in za a sayar a goge ta tas.

Mai wuyar ba wayar ba ce, mutane ne. Sau da yawa ba uwa ce ke ɗorawa ba. Baban ne, ko gwaggo, ko ƙanwar miji da ta zo suna da sabuwar waya. Maigida a same shi lokacin da ya ci ya sha ya huta, ba gaban mutane ba, a ce Baban Ummi, wani abu na ji a rediyo ya tsaya mini a rai, a nuna masa bajon da lambar motar a hoton da ya ɗora, shi da kansa zai gani. Surukai kuwa ba ke za ki tunkare su ba, shi za ki bari ya faɗa, ya ce tsarin gidansa ne. Ranar suna a faɗa tun da safe, da fara'a, cewa a ɗauka amma don Allah kada a ɗora. Za a yi gunaguni, za a ce iyayi, sati ɗaya an wuce wurin. Ke ma ki riƙe wa wasu. Ɗan maƙwabciya, 'ya'yan abokiyar zama, yarinyar da ke taya ki aiki, almajirin da ke muku wanke-wanke, marayan da aka kai wa kayan sallah, kowannensu ɗan wata ne, kada ki ɗora sai an yarda.

In kuwa abin ya riga ya faru, an haɗa wa 'yarki hoton banza ko wani yana yi mata barazana da shi, kada ki fara da duka. Tsoron duka ne ke sa yara su yi shiru har abin ya yi nisa. Kada a biya ko sisi, wanda aka ba sau ɗaya zai dawo. Kada a tura hoton ga kowa da sunan a gani a shaida, yaɗawa ce, kuma laifi ne. A adana lambar mutumin da saƙonninsa, a kai ƙarar shafin ga kamfanin ta cikin manhajar, maigida ko wani babba ya kai magana wurin 'yan sanda ko hukumar NAPTIP.

Saura wuri ɗaya da yaɗa hoton yaro ke da amfani, shi ne cigiya. Allah ya tsare, in yaro ya ɓata, hotonsa na kwanan nan shi ne abu na farko da za a nema, don haka ki ajiye mai kyau guda ɗaya a wayarki kina sabunta shi. A fara sanar da mai unguwa da 'yan sanda da gidan rediyo, sannan a ɗora. A sa lambar namiji babba mai natsuwa, ba ta uwar ba, domin akwai marasa imanin da ke ganin cigiya su bugo su ce yaron yana hannunsu a turo kuɗi, alhali ko ganinsa ba su taɓa yi ba. Duk wanda ya bugo a ce ya haɗa ku da yaron a ji muryarsa, a kuma tambayi wata alama ta jikinsa da ba a rubuta a cigiyar ba. A rubuta kwanan wata a jikin hoton. In an gan shi kuma a koma duk inda aka tura a sanar, a roƙi a goge, don har yau akwai cigiyar da ke yawo a guruf-guruf ta yaran da tuni suka dawo gida suka girma.

Lokaci ya yi mana halinsa. Mai tambaya ta aiko ta hanyar da aka saba, za mu karanta a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A shafa mini kan yara. Wassalamu alaikum.